Gishiri a Cikin Injin Fatsa

Tankari mutumin Gaya ta Nijar ne, ɗan Sarkawa masunta, a bakin kogin Kwara ya buɗe ido. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Guangzhou yana sayen jakunkunan mata a kasuwar Shiling yana aika wa 'yan kasuwar Yamai da Maradi, amma ruwa bai taɓa fita daga ransa ba. Duk ranar Lahadi, in aka rufe shago, sai ya ɗauki sandar fatsarsa ya tafi wani tafki da ke bayan masana'antu, inda tsofaffin Sinawa ke zama jere a kan 'yan kujeru. Ba ya jin maganarsu, su ma ba sa jin tasa. In ya kama karfasa sai su ɗaga masa babban yatsa.

Abin da ya fi ƙauna a kayan nan shi ne wani ɗan inji da ake ɗaura wa sandar, mai hannu a gefe. In ka juya hannun sai ya naɗo zare a hankali, ba ƙara. Shi yana ce masa muline. Matarsa Ramatou kuwa injin fatsa take cewa, ba ta kuma taɓa shi sai in ya miƙa mata. Shekararta biyu da zuwa garin, har yanzu in baƙo ya yi sallama sai ta shige ɗaki.

Wata Lahadi cikin watan sanyi abokansa suka ja shi can ƙasa da Nansha, inda kogi ke shiga teku. Ya dawo da la'asar, wandonsa sharkaf har gwiwa, yana dariya kamar yaro.

"Rama, yau na ga ruwan da ba shi da ƙetare. Na ɗanɗana, wallahi gishiri kamar miyar da amarya ta yi."

"Ka kama wani abu?"

"Ruwa ne ya kama ni. Igiyarsa ta bugo ni, har muline ya nutse sau biyu. Ungo, ajiye min. Kaina ke sarawa."

Ya shiga ya kwanta. Ita kuma ta zauna a ƙasa ta ɗora injin a cinyarta. A gidansu abu guda aka koya mata game da ƙarfe: ba ya son ruwa. Haka mahaifiyarta ke yi wa keken ɗinki da wuƙar layya, a goge, a shafa mai, a naɗe. Don haka ta samo tsumma mai laushi ta goge shi tas, har da tsinke ta bi lunguna. Ta ɗiga man keke a tafin hannu ta murza masa har ya yi ƙyalli. Ta naɗe shi a tsohon ɗankwalinta. Da ta tuna yadda garin nan bango ma yakan yi gumi, sai ta ƙara sa shi a leda biyu, ta ƙulle bakin tam, ta tura shi ƙasan durowa. Ta ji daɗin aikinta ƙwarai.

Ran Laraba Tankari ya faɗi a shago, da kwalin jakunkuna a hannunsa.

Likitoci suka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Da ƙyar baki ya dawo, ƙafa ma ta fara ɗaukarsa in an riƙe shi. Hannu ne ya ƙi. Yana kwance a gefensa kamar na wani. Aka mayar da shi sashen masu gashin ƙashi, inda wata likita 'yar siririya ke zuwa safe da yamma tana miƙar da yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ta wayar hannu take magana da Ramatou, wayar tana juya maganar zuwa Faransanci. Ta ce watanni ukun farko su ne komai. Abin da hannu bai koya ba a cikinsu, da wuya ya koya bayansu.

Ta kawo masa ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Tankari ya kalli ƙwallon, ya kalli matarsa.

"Ni ne zan yi wasan ƙwallo? Ki ce mata na gode."

Mako biyar ana fama. Yatsu biyu sun fara ɗan lanƙwashewa, shi kuma ya ce ba ya ganin komai. Rannan likitar ta tambaya ko akwai wani abu da hannun ya saba da shi, abin da yake yi ba tare da tunani ba. Ramatou ba ta gama karanta masa wayar ba Tankari ya ce, "Muline." Karon farko ke nan da ta ga idonsa ya yi haske tun da ya kwanta.

"Ki kawo min shi gobe. Hannun nan ko barci yake ya san muline."

Washegari Juma'a ce. Ta ɗauko ƙunshin yadda yake, ba ta kwance ba. Tana isa ta tarar an sauko daga masallaci, 'yan dubiya sun cika ɗakin: yayansa Maidaji, wanda suke shago ɗaya, da wasu mutum biyar. Cikinsu har da Abdulmumini, Bakatsinen Maradi, abokin wasan Tankari, don Tankari asalinsu Kabawa ne. Tun da suka haɗu a garin nan ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

Ramatou ta so ta ɓoye ƙunshin a bayan mayafi har su tafi. Tankari ya hango.

"Kawo, kawo. Bari Katsinawa su ga aikin maza."

"To fa," in ji Abdulmumini. "Bakabe ya ga kayan gadonsa. Ku matsa, kada ya kamo mu a zaton tarwaɗa."

"Kai ko kyauta aka ba ni ba na ci. Ƙaya ta yi maka yawa."

Aka yi dariya. Ramatou ta kwance leda, ta kwance ɗankwali. Injin ya fito yana ƙyalli kamar sabo. Tankari ya riƙe gindinsa da hagu, ya dafe shi a kan cinya. Ita ta ɗaga masa hannun dama ta ɗora yatsun a kan mariƙin. Kowa ya zuba ido.

Ya tura. Bai motsa ba.

Ya sake turawa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya cije leɓe, kafaɗarsa duka tana rawa. Abin da a da ɗan yatsa ɗaya ke juya shi, ko gezau bai yi ba.

Abdulmumini bai lura da fuskarsa ba. Ya yi abin da ya saba.

"Haba bawana, ko dai a ba matarka ta juya maka? Kawo nan in nuna maka."

Ya miƙo hannu. Tankari ya daka masa tsawar da ba a taɓa jin irinta daga bakinsa ba.

"Kada ka taɓa!"

Yatsun suka zame daga mariƙin, hannun ya faɗi a kan katifa. Abdulmumini ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ɗan'uwa, wasa nake." Ɗaya bayan ɗaya suka yi addu'a suka fice.

Tankari ya juya fuska bango.

"Ɗauke shi. Kada in ƙara ganinsa."

Ta naɗe shi da sauri, da ta koma gida ta mayar da shi ƙasan durowa.

Daga ranar ya daina. In likitar ta zo sai ya rufe ido. In ta kama hannun ba ya hana ta, ba ya kuma taya ta. Ramatou ta roƙe shi, ya ce, "Kin gani da idonki. Abin da jariri zai juya. Hannun nan ya riga ni tafiya, a bar shi." Kwana uku bayan haka ya ce wa Maidaji a kai shi gida, yana so ya ga tsohuwarsa. Likitar ta yi ta rubutu a waya tana nuna wa Ramatou cewa bai kamata a tsaya yanzu ba, yatsun suna zuwa. Maidaji ya ce mai jiki ya fi kowa sanin jikinsa. Ya sa hannu a takardar sallama, ya yanki tikiti uku. Takardar zaman da aka ƙara wa Tankari saboda jinya ita ma aka rufe ta, aka ba su ranar fita.

Saura kwana biyu tafiya, Ramatou tana haɗa kaya da hantsi, Tankari yana kwance a ɗaki. Ta jawo durowa ta ga ƙunshin. Ta tsaya tana tunanin ko ta bar shi a nan ko ta cusa shi ƙasan akwati. Sai ta kwance, don ta ƙara goge shi kafin ta yanke shawara. Tana gogewa, hannunta ya faɗa kan mariƙin, ta ɗan tura.

Bai motsa ba.

Ta gyara zama ta tura da ƙarfi. Ta sa hannu biyu. Ta danne shi da gwiwa, ita da ke daka gero tun tana shekara tara. Kamar an yi masa walda.

Ta daɗe a zaune a wurin. Sannan ta zari mayafi ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarsu, Anti Alima, 'yar zangon Kumasi mai aika atamfa da takalma, wadda ta iya Sinanci na ciniki.

"Ramatou, lafiya? Jikin ne?"

"Anti, juya wannan."

Alima ta gwada, ta yamutsa fuska. "Wannan ai ya mutu. Me ya same shi?"

"Ban sani ba. Anti, ba hannunsa ba ne. Ba hannunsa ba ne."

Ta faɗa sau uku kafin kuka ya ƙwace mata. Alima ba ta tsaya tambaya ba. Ta sa takalmi, ta ce akwai layin masu kayan kamun kifi a unguwar Liwan, ta taɓa wucewa.

Shago huɗu suka shiga. Kowa ya juya injin a hannu sai ya ce "meyo", wato babu, ya nuna musu sababbi a cikin gilashi. A na biyar, can ƙuryar lungu, suka samu wani tsoho mai tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya, yana cin taliya a kan teburin aikinsa. Alima ta ce, "Lawban, nihaw," wato sannu mai shago, ta ajiye masa. Ya ture kwanon, ya shimfiɗa jarida, ya shiga kwance ƙusoshi.

Da ya ɗaga murfin, sai wani farin gari ya zubo a kan jaridar. Ciki duk ya yi fari da kore, kamar bakin tsohuwar rijiya. Ya zaro wani ɗan zobe mai ƙananan ƙwallaye a ciki, ya yi ja wur da tsatsa, ƙwallayen sun manne da juna. Ya dangwali garin da yatsa ya nuna wa Ramatou, ya yi magana mai tsawo.

"Ya ce gishiri ne," in ji Alima. "Ya ce wannan injin na tafki ne da kogi, ba a yi shi don teku ba. Yana tambaya an kai shi teku?"

"Sau ɗaya."

"Ya ce sau ɗaya ba ya kashe shi, in an wanke."

"Na goge shi. Na shafa masa mai."

Alima ta faɗa masa. Tsohon ya girgiza kai, ya tashi ya yafito su zuwa famfon da ke bayan shago. Ya ɗauki wani injin, ya buɗe ruwa kaɗan, siriri, ya riƙa juya shi a ƙarƙashi a hankali. Ya karkaɗe, ya ajiye shi a inda iska ke bi. Ya ɗaga ledar da ta zo da ita ya yi alamar a'a da hannu.

"Ya ce da ruwan famfo ake wanke gishiri, ranar da aka dawo. Sai a bar shi a buɗe ya sha iska, sannan a sa mai. Wai goge waje ba ya fitar da na ciki. Ledar kuma..." Alima ta kau da kai.

"Faɗa min, Anti."

"Wai ledar ce ta riƙe masa damshi, gishirin ya samu wurin ci."

Ramatou ta kalli famfon. Irinsa ne a kicin ɗinta, taku uku daga inda ta zauna rannan tana bin lunguna da tsinke.

Tsohon ya jawo zaren da ke naɗe, ya nannaɗe a yatsu biyu ya fizga. Ya tsinke kamar zaren tsohuwar riga. Shi ma ya sha gishiri, ga shi dama ya tsufa. Ya ce zoben da ya mutu babu irinsa a shagon, sai an aiko, kwana biyar. Ramatou ta ɗaga yatsu biyu, ta nuna sama, alamar jirgi. Ba ta san lokacin da ta durƙusa a gaban teburin ba, ita da ba ta iya haɗa ido da mai kayan miya. Tsohon ya rikice, yana ta cewa ta tashi. Ya jawo wani kwali cike da matattun injuna ya shiga tonawa. Ya ce su dawo gobe.

Da suka koma, injin yana juyawa. Ba kamar da ba. Yana ɗan gurzawa, kuma a kowane zagaye akwai inda yake ɗan tirjewa kafin ya wuce. Tsohon ya ce iyakar abin da zai iya ke nan, gishiri ya ci haƙoran ciki. Ya ƙunsa mata mataccen zoben a takarda ya ba ta.

Ranar ba ta iya faɗa wa Tankari ba. Gidan cike yake da masu sallama har aka yi isha'i. Sai da safiyar tafiya, Maidaji ya sauka da akwatuna yana jiran mota, ta shiga ɗakin ta tura ƙofa. Tankari yana zaune a bakin gado, an sa masa farar shadda, hannun dama a cikin majanyin da aka rataya masa a wuya.

Ta durƙusa ta buɗe takardar a gabansa.

"Mene ne wannan?"

"Daga cikin muline aka ciro shi."

"Na ce kada in ƙara..."

"Maigida, ka bari in gama, in na tsaya ba zan iya ba. Ranar da ka gwada, a mace yake. Ni ma na kasa juya shi, Anti Alima ma ta kasa. Gishirin teku ne ya cinye cikinsa. Da ruwa ake wankewa, ni kuma na hana shi ruwa, na ƙulle shi a leda. Ni na kashe shi. Ba hannunka ba ne."

Ya ɗauki zoben da hagu. Ya kai shi kusa da ido, ya murza da babban yatsa, jan gari ya ɓata masa farar riga.

"Ko ni ne, haka zan yi," ya ce a hankali. "A Gaya wa ya taɓa wanke ƙarfe da ruwa?"

Da ya zage ta, da ta fi samun sauƙi.

"Kwana goma sha ɗaya," ya ce. "Ina kwance ina yi wa hannuna zaman makoki." Ya share ido da kafaɗa. "Yana ina?"

Ta fito da shi daga mayafi.

"Ƙofar a rufe take?"

"A rufe take."

Ta zare masa majanyin. Hannun ya fi na wancan makon tauri, yatsun sun ƙanƙame ciki, sai da ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗora su a kan mariƙin, ta tallafi gwiwar hannun. Ya ja numfashi ya tura.

Mariƙin ya tafi. Kaɗan, kamar faɗin yatsa uku, da 'yar ƙarar gurzawa. Ya kai inda yake tirjewa ya tsaya, yatsun suka zame.

Su biyun suka zuba wa injin ido.

"Kin taya ni?"

"Wallahi ban taya ka ba."

Daga ƙasa aka danna hon. Muryar Maidaji ta hau bene: "Ku fito mana, hanya da cunkoso!"

"Bari in gaya wa Yaya," in ji Ramatou, ta yunƙura. "A fasa. A koma wurin likitar."

"Zauna. Takarda ta ƙare yau, kin sani. Gadon asibitin ma an ba wani." Ya kalli yatsunsa da ke komawa ciki da kansu. "Kada ki gaya wa Yaya. Shi ya sa hannu, zai ɗora wa kansa. Abdulmumini ma kada ya ji."

"To."

"A Gaya akwai mai irin aikin matar nan?"

Ta san babu. Sai Yamai, tafiyar rabin yini, in ma an samu layi.

"Ni zan riƙa yi maka."

"Kin iya?"

"Na ga yadda take yi."

Aka sake danna hon, wannan karon da tsawo. Ta mayar masa da hannun cikin majanyi, ta kaɗe masa tsatsar da ke gaban riga, amma ta riga ta kama. Ta sa injin a jakar hannunta. Sannan ta shiga ƙarƙashin kafaɗarsa ta dama ta ɗaga shi, suka nufi bene, shi yana jan ƙafa, ita tana faɗa masa inda zai taka.